Sharhi: Shin maganin hawan jini na da alaƙa da ciwon daji?

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 kusan mutum miliyan 20 ne suka kamu da ciwon daji, yayin da miliyan 9.7 suka rasu. Ɗaya daga cikin wuraren da masana ke neman sabon magani shi ne ƙofofin kalsiyam da ke jikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam.

Sinadarin kalsiyam da ke wajen ƙwayar halitta ya ninka na cikinta kusan sau 10,000. Idan ƙofa ta buɗe ya kwararo ciki, sai ya zama saƙo: ƙwayar ta rabu biyu, ko ta motsa, ko ta mutu. A wasu nau'o'in sankara, irin su ta mama da ta mafitsarar maza, an ga ƙofofi kamar TRPV6 da Orai1 sun yawaita, abin da ke taimaka wa cutar girma da yaɗuwa.

Nan ne batun ya shafi masu hawan jini, domin amlodipine da nifedipine, da likitoci ke yawan rubuta musu, ƙofofin kalsiyam na jijiyoyin jini suke toshewa. A 2013 wani bincike a birnin Seattle na Amurka ya alaƙanta shan irin waɗannan magunguna na shekara 10 ko fiye da sankarar mama. Sai dai manyan binciken da suka biyo baya ba su tabbatar da hakan ba.

Fatan samun waraka daga wannan fanni ma bai kai ga cika ba tukuna. Mibefradil, wanda kamfanin Roche ya janye daga kasuwa a 1998 saboda yana karo da wasu magunguna, an sake gwada shi a kan sankarar ƙwaƙwalwa, amma har yanzu ba a amince da shi a matsayin maganin daji ba.

Amfanin amlodipine ga hawan jini kuwa tabbatacce ne. Gwajin CREOLE na 2019, wanda aka yi a ƙasashen Afirka shida ciki har da Kamaru da Najeriya, ya nuna haɗin da ke ɗauke da shi ya fi saukar da jinin baƙar fata.

Saboda haka mai hawan jinin da ya daina shan maganinsa don tsoron daji yana jefa kansa cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, wanda shi ne ya fi kusa. Matar da ta ji ƙullutu a mama kuwa, asibiti ya kamata ta nufa tun da wuri, ba kantin magani ba.