Goron Sallah Yana Cikin Garka

 

An yanke gero, an ɗaure dammuna, an kai rumbu. Wake yana shiga buhu. Yanzu ne kuɗi ke shiga hannun manomi, kuma yanzu ne suke fita ba sallama. Shi ya sa muke son magana da kai, mai karatu, tun kuɗin waken nan ba su watse ba. Magana biyu ce a ido, amma gindinta ɗaya: shirin garka da sayayyar Sallah.

Tun da Allah ya sa ka iya karatu da lissafi, ɗauko bik da takarda. A 2025 ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen watan Maris. Kowace shekara azumi yana ja baya da kwana 10 ko 11. Ke nan a shekarun nan azumi da Sallah suna faɗowa tsakanin Fabrairu da Maris, daidai lokacin da garka take cika da kaya. Ka tuna shekarun da muka yi azumi cikin zafin bazara ko tsakiyar damina. Tumatir ya yi tsada, salati babu, uwargida tana miya da kauɗa. Yanzu lokacin buƙata da lokacin amfani sun haɗu. In suka rabu, sai bayan shekara 30 da ƴan kai za su sake haɗuwa haka.

To amma azumi yana matsowa, ba ya jiran kowa. Dankalin turawa yana bukatar wajen kwana 90 zuwa 100 a ƙasa. A ce azumi zai kama ran 10 ga Fabrairu. Ƙirga kwana 90 baya, za ka faɗa kusan tsakiyar Nuwamba. Wanda ya dasa a lokacin shi zai kai dankali kasuwa sa'ad da kowa ke nema. Wanda ya bari sai ƙarshen Disamba zai haƙa nasa bayan an sauko daga idi, zafi ya shigo, kuma dankali ba ya son zafi: ganye zai yi, ƴaƴa su ƙi girma. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin garka ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Manya sun san yunwar 1984, wadda a wurare da yawa ake kira El-Buhari, don a shekarar ce Najeriya ta rufe iyakarta. Damina ta ƙi, hatsi bai shigo daga kudu ba. A lokacin ne gwamnatin Seini Kunce ta tura jama'a noman rani, aka tona rijiyoyi, aka raba iri. Arewa ta fi wasu sa'a, don Dallol Mawri ya ratsa ta daga arewa zuwa kudu, kuma a wurare da yawa cikin kwarin ruwa yana kusa. Daga nan abin ya kama ƙasa. Yau in an ce dankalin turawa a Yamai, sunan Dogon Dutsi yana cikin na farko da ake ambata. Farar albasar Sukukutan har cikin littattafan malaman gona an rubuta sunanta, kusa da jar albasar Galmi. Kore Mai Ruwa, Matankari, Kiyeshe, Dumega, Gesheme, Tibiri, kowa ya san fadamarsa.

Aiki na farko shi ne shinge. Kada ka zuba iri ko ƙwaya ɗaya sai ka killace. Da an saki gonaki, dabbobi za su sauko dallol, kuma akuya ɗaya ta isa ta share aikin wata guda kafin ka gama sallar azahar. Rigimar manomi da makiyayi sau da yawa daga kafar shinge take farawa. Kara yana nan da yawa yanzu, a yi darni da shi tun ba a kwashe ba. Kada ka sare gawo ko wani ɗanyen icce don ƙaya: ma'aikatan gandun daji za su ci ka tara, kuma gonarka ce ka tsiraita. Mai dabara yana shuka lalle ta cikin darnin. Shekara biyu ya zama shinge mai rai, gara ba ta cin sa, kuma ga lallen Sallah na matan gida ba sai an saya ba.

Na biyu ruwa. A yashe rijiya, a gyara bakinta. Mai injin ban ruwa ya kai shi wurin makaniki yanzu, kada ya jira sai shuka ta tsiro inji ya tsaya. Tun da Najeriya ta cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, masu inji na bakin iyaka sun ji a jikinsu. Saboda haka kada ka buɗe filin da ya fi ƙarfin ruwanka da aljihunka. Fangali 10 masu ƙoshi sun fi 30 masu ƙishirwa. Masu famfo mai aiki da hasken rana sun huta da wannan, amma kuɗinsa na farko sai an haɗa kai, ƙungiya ko ƴan gida ɗaya.

Sai taki, kuma nan ne mutane da yawa ke yin sakaci. Ɗanyen kashin dabba yana ƙona tsiro, yana kiran gara, yana kawo irin ciyawa. Taki sai ya ruɓe. A tona rami, a jera kashin dabbobi da ɓuntun gero da toka da sharar gida wadda ba leda a ciki, a yayyafa ruwa, a rufe, a riƙa juyawa bayan kowane mako biyu. In ya yi baƙi, ya huce, ƙanshinsa ya koma na ƙasa bayan ruwan sama, ya nuna. Ƙasar dallol rairayi ce, ruwa yana wucewa kamar a rariya. Takin gargajiya ne ke riƙe mata ruwa. Takin zamani yana da amfaninsa, amma a ƙasar da ba ta da takin gida, kuɗinka ne ruwa zai wanke.

Wurin renon iri kuwa, faɗin fangali kada ya wuce mita ɗaya, don hannunka ya kai tsakiya ba tare da ka taka ba. A zuba iri layi-layi, a rufe da ɗan haki har ya tsiro. Tumatir da kabeji suna isa dashe bayan mako 3 zuwa 4. Albasa sai ta yi wajen kwana 45, ta kai kaurin alƙalami. Dankalin turawa a bar shi a inuwa ya fid da ido tukuna. In babba ne a raba, kowane yanki da ido biyu, a bar yankan ya sha iska kafin a dasa. In ya taso a tara masa ƙasa a gindi, don wanda rana ta gani yakan yi kore, kuma koren dankali ba abin ci ba ne. Kada ka mai da tumatir ko dankali ko tattasai ko yalo inda ɗayansu ya zauna bara. Dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, tana nan cikin ƙasa tana jira. A sa albasa ko kabeji a wurin.

Wani abu kuma: kada ka zuba dukan irin salati da tumatir rana ɗaya. Raba shi kashi uku, tsakaninsu kwana 10 ko 15. In gari duka ya shuka rana ɗaya, rana ɗaya zai kwaso, sai ɗan kasuwa ya yanka farashin da ya ga dama.

Maganin ƙwari, mu faɗa da babbar murya. Wanda ake sayarwa a kwalba ba suna ba rubutu, irin piya-piya, ba na kayan miya ba ne. Kai da ka yi yaƙi da jahilci, karanta abin da ke jikin kwalba, ko ka kai wa malamin gona ya duba. Kowane magani yana da kwanakin da ake jira kafin a tsinki amfani. Salatin da ka fesa jiya, ɗan maƙwabcinka ne zai buɗe baki da shi yau. Ƴaƴan dogon yaro da aka daka aka jiƙa kwana ɗaya suna korar tsutsa da yawa, kuma kyauta suke a ƙofar gida.

Yanzu mu zo kan Sallah. Me muke yi in ta matso? Mai gida ya hau mota ya nufi kasuwar bakin iyaka, ko ya aika wa ɗansa da ke ci-rani a Legas ko Kwatano. A dawo da takalmin roba da ba ya kai babbar Sallah, da alewa cikin leda, da kwanon da fentinsa ke ɓarewa a wankin farko, da bindigar wasa ta yara. Kuɗin wake sun tafi. Baduku na zaune a rumfarsa yana kallo, mai tukwane na kallo, mai saƙa tabarma na kallo. Sa'an nan gobe mu ce gari ba kuɗi.

Bi sawun jika ɗaya ka gani. Ka ba baduku ya yi wa ɗanka takalmi. Baduku ya sayi fata wurin majemi. Majemi ya sayi man gyaɗa da ƙuli-ƙuli wurin matar da ke matsa. Ita kuma ta aiko yarinya garkarka ta sayi tumatir da albasa. Jikar nan ta ci da gida uku, ta komo hannunka. In kuwa ka kai ta wancan ƙetaren, tafiyarta ke nan. Mai garka ya fi kowa bukatar gane wannan, don kayansa ba sa jiran gobe. In mutanen gari ba su da kuɗi a watan azumi, wa zai sayi salatin?

Wani zai ce, malam, ai na waje ya fi araha. Wani lokaci gaskiya ne, in ranar saye kaɗai ka duba. Rubuta kuɗin mota zuwa da dawowa, da yinin da ka bar ban ruwa, da watannin da abin zai yi kafin ya mutu, sa'an nan ka sake gwadawa. Wani kuma zai ce akwai abin da ba mu yi a nan. Wannan ma gaskiya ne. Atamfa da shadda da sukari daga waje suke zuwa. Irin dankalin turawan da muke taƙama da shi ma, mafi yawansa daga Turai ake kawo shi kowace shekara. Ba wanda ya ce a yanke ciniki da ƴan uwanmu na Kangiwa da Bacaka da Kamba, jini ɗaya ne, kasuwa ɗaya tun kaka da kakanni. Amma yadin da ka sayo, telan garinku ya ɗinka. Kuma mun ga abin da ya faru da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019 har ƙarshen 2020, da kuma bayan Yuli na 2023 har farkon 2024. Gidan da ke da garka da rumbu bai ji abin da gidan da komai nasa ke kan mota ya ji ba.

Akwai kuma maganar kunya, ita ce babba. Wasu na ganin in ka kai wa surukinka kwandon albasa da dankali, ka rena shi, sai abin da ke cikin kwali. Wa ya koya mana haka? Tambayi ɗan Arewa da ke aiki a Yamai ko Doso wace tsaraba yake jira daga gida. Zai ce maka wake, man gyaɗa, daddawa, busasshen zogale, ƙwan zabi, dankalin Dutsi. Abin da muke jin kunyar bayarwa, shi mutanen birni ke biya da tsada. Zabuwa biyu ga suruki, sabuwar tabarma ga tsoho, randa ko faifai ga amarya, gishirin Foga da lalle ga gwaggo, rake ga yara. Wane ne a cikinsu zai ɓata rai?

Ke uwargida, ke ce kike riƙe da rabin wannan magana. Kuɗin adashi da za ki kwasa kafin azumi, ki ware wani abu na iri tun yanzu. Fangali biyu na salati da kabeji kusa da rijiya sun isa su fid da kuɗin ɗinkin yara. Tumatir in ya yi yawa kada a bari ya ruɓe, a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta, nesa da ƙura. Kauɗar da kika ajiye a Maris ita ce kuɗi a watan Yuni.

Masu sana'a kuma, muna da magana da ku, kada ku ce mun goyi bayanku kawai. Tela da ke karɓar ɗinkin mutum 50 alhali ƙarfinsa na 20 ne, har yaro ya tafi idi da tsohuwar riga yana kuka, shi ke kora mutane wurin kayan gwanjo. Mai man gyaɗa da ke surki, mai tiya da ya bubbuga gindinta, mai garka da ke jera manyan dankali a bakin buhu ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, duk su ke sa a ce kayan gida ba amana. Mutumin da ka cuta a garinku, gobe tare za ku yi sahu a masallaci.

Don haka ku masu ba da aiki, ku ba da da wuri. A kai wa tela yadi tun watan Sha'aban, a ba baduku awon ƙafa da rabin kuɗi tun yanzu, don ya sayi fata kafin ta hau. Masu son irin dankali su rubuta suna wurin ƙungiyarsu a wannan mako, su kai kuɗin, su karɓi takarda. Wanda bai san inda ake rubutawa ba ya tambayi malamin gona na gundumarsu ranar kasuwa.