Saukar Zazzaɓi Ba Ita Ce Warkewa Ba

Tun ɓullar cutar Korona, wadda ta iso Nijeriya a 2020, likitoci suka lura akwai masu tashi daga jinya amma gajiya da haki su bi su wata da watanni. A 2021 masu binciken Scripps a Amurka suka duba agogunan hannu irin su Fitbit, masu ƙidaya bugun zuciya dare da rana. Suka tarar, bisa matsakaicin lissafi, bugun zuciyar wanda ya kamu yakan yi kwana 79 kafin ya daidaita.

To, wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Manomin auduga a Funtuwa, ko na masara a Malumfashi, da zazzaɓi ya sauka sai ya saɓi fartanya, gama damina ba ta jiran majinyaci. In ya gaza a ce rago ne. Ɗan makaranta kuwa a ce ya lalace.

Agogon nan da tsada, ga neman caji. Shawararmu ita ce hukuma ta ajiye kaɗan a asibitoci, a riƙa ba wanda aka sallama aro, malamin asibiti yana rubuta abin da ya nuna. Malumfashi ba baƙuwar irin wannan aiki ba ce, gama a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na Ingila sun bi ƙauyukanta suna ƙidayar cututtuka.

Inda babu shi, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu kowace safiya, a ƙidaya bugun minti guda, a rubuta. Malamai da akawuna, ku ne masu alƙalami. Allah shi ƙara mana lafiya, amin.