Ciwo Ɗan Aike Ne, Kada Mu Kore Shi

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Amma ni a ganina da yawa daga cikinmu muna fushi da ita ba mu sani ba. Jiki yakan yi mana magana ta hanyar ciwo, mu kuwa sai mu toshe masa baki da ƙwaya, mu ci gaba da harkokinmu. Wannan al'ada ce nake so mu duba tare, mu ɗalibai da iyayenmu, domin na ga abin da ta jawo a gidanmu.

A hutun damina da ya wuce na je gida Kende, a ƙaramar hukumar Bagudo. Akwai yayana, ɗan baffana, manomin shinkafa ne a fadama, mutum ne mai ƙarfi wanda ban taɓa jin ya ce wayyo ba. Wata rana da dare ya ce cikinsa yana murɗawa wajen cibiya. Da gari ya waye ciwon ya koma gefen dama daga ƙasa, ga amai, ga zazzaɓi. Inna ta ce, "Kai, ko a kai ka asibiti?" Ya ce, "Haba Inna, a kan ciwon ciki? Ga shinkafa tana jiran ciran haki." Ya aike ni wurin mai tallan magani, na sayo masa ƙwayoyi ja da fari. Wasu ma rubutun jikinsu da Faransanci ne, babu mai iya karantawa a gidanmu. Ya sha, ciwon ya lafa, muka ce alhamdu lillahi.

Ashe ba warkewa ya yi ba. A rana ta uku cikinsa ya ɗaure kamar ganga, ko tari ba ya iya yi. Aka nemo mota da ƙyar aka kai shi babban asibiti. Likita ya ce afendis ne ya fashe, ƙazanta ta watsu a cikin ciki. Aka yi masa aiki, ya yi sati uku a kwance. Baffa ya sayar da sansa na huɗa kafin a gama biyan kuɗin magani. Allah Ya yi yana da sauran kwana, amma shinkafar da ya tsaya dominta ciyawa ta cinye ta. Likitan ya gaya wa Baffa cewa da an zo tun ranar farko, da ƙaramin aiki ne. Har yau in na tuna ni ne na sayo ƙwayoyin nan, sai jikina ya yi sanyi.

To, jama'a, me ya sa muke haka? Dalili na farko shi ne dauriya. Tun muna ƙanana ake koya mana cewa namiji ba ya raki, mace kuma kunya ce adonta. Dauriya abu ne mai kyau a gona da fagen kokawa, amma ba a gaban cuta ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dalili na biyu shi ne maganin kashe zafi ya yi arha, yana ko'ina, a kan tire da kwali a kasuwa. Farasitamol yana rage zafi, ba ya taɓa abin da ya kawo zafin. Kamar mutum ne maigadi ya buga masa ƙofa ya ce ga gobara, shi kuma ya kori maigadin ya koma barci.

Ba ina cewa duk wanda ya ji gajiya bayan noma ko wasan ƙwallo ya ruga asibiti ba ne. Irin wannan ciwo hutu ne maganinsa. Amma akwai ciwon da ba a kwana da shi, kuma ya kamata kowa ya san kamanninsa.

Wanda ya fi shafar mu 'yan makarantar kwana shi ne ciwon kai mai tsanani tare da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, har mutum ya kasa sunkuyar da kai, ya ƙi son haske. Wannan alamar sanƙarau ce. Cuta ce da ke kama rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya, tana yaɗuwa ta tari da atishawa, musamman lokacin hunturu da bazara, a inda mutane suka cunkushe kamar ɗakunan kwananmu. Tana iya kashe mutum cikin awa 24. Ƙasarmu ta san ta. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. A 2017 ta sake ɓulla a Zamfara da Sakkwato da Kabi da Katsina da Neja, ta kashe fiye da mutum 1,000. Ko a watan Maris na 2025 ta yi ɓarna a Gwandu da Jega da Aliero, nan cikin jiharmu. Wasu da suka tsira sun rasa jinsu har abada. Alhali kuwa akwai allurar da ke warkar da ita in an zo da wuri, akwai kuma ta rigakafi. A 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare mutum daga iri biyar na ƙwayar cutar.

Sai ciwon ciki irin na yayana, wanda ya tsaya wuri guda yana ƙaruwa. Kada a ba mai shi maganin wankin ciki, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Haka nan mai zazzaɓin taifot da ya yi sati biyu ko uku, in cikinsa ya ɗauki ciwo farat ɗaya, mai yiwuwa hanji ne ya huje.

Mu 'yan bakin gulbi muna da namu. Yaro ya riƙa jin zafi wajen fitsari, yana ganin jini a ƙarshensa, sai a ce tsargiya ce kawai, wasu ma su ce alamar girma ce. Ba girma ba ne, tsutsa ce da ke fitowa daga jikin dodon koɗi ta shiga fatar mai wanka ko aiki a cikin ruwa. In an bar ta shekara da shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda, ga shi kuwa maganinta 'yan ƙwayoyi ne da ake sha a rana guda.

Iyayenmu kuma su lura da waɗannan. Dattijon da ya ji an danne masa ƙirji, yana zufa, ciwon yana gangarowa hannun hagu, zuciya ce ke kira. Mai tarin da ya wuce sati biyu da ciwon ƙirji da rama a gwada shi, ko tarin fuka ne, maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati. Mai juna biyu da ke fama da ciwon kai da kumburin fuska da gani dishi-dishi a auna jininta a ranar, kafin jijjiga ta kama ta. Jaririn da hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura yana ta kuka, a gwada shi ko sikila ce, kada a ce mayu ne.

Na san wani zai ce, "Kai yaro, ba ka san tsadar asibiti da kuɗin mota ba." Gaskiya ne, akwai talauci, kuma ƙauyukanmu na wajen Illo da Lolo da Tsamiya suna da nisa da manyan asibitocin Birnin Kabi. Ya kamata hukuma ta ƙara ma'aikata da magani a ƙananan asibitocin karkara. Amma a tambayi Baffa wanne ya fi tsada, kuɗin mota na ranar farko ko sa? Wani kuma zai ce cuta da sauƙi duk na Allah ne. Haka ne, amma malamanmu sun koya mana cewa neman magani ba ya kore tawakkali.

A nan makaranta ma ina da roƙo. Na san akwai masu ƙaryar ciwo don gudun aikin shara ko jarrabawa. Amma ina roƙon firifet-firifet da malamanmu, gara a kai maƙaryaci goma wurin malamin asibiti da a bar mai gaskiya ɗaya a kwance a ɗaki. Ku kuma 'yan'uwana, in maƙwabcin gadonka ya kwana yana riƙe da kai ko ciki, kada ka miƙa masa ƙwaya daga akwatinka kamar yadda na yi. Je ka tada malamin gida, ko da tsakar dare ne.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.