RUWA DA DAJI: Kunamar ruwa da cefanen masunci

Kowane makiyayi ya san lissafin saniya. Maraƙi guda take haihuwa, sai kuma a jira. Shi ya sa ba a kai mai ciki mahauta sai da dole. To, a cikin kogin Kwara da kogin Binuwai akwai wani kifi mai irin wannan lissafi. Hausawa masunta suna ce mata kunamar ruwa.

Siffarta kamar faifai, faɗinta bai wuce santimita 40 ba. Tana da dogon wutsiya siriri, a jikinsa akwai ƙaya mai dafi. Tana kwanciya a ƙasan ruwa, ta lulluɓe da rairayi, tana cin ƙananan ƙwarin ruwa. Ba ta neman mutum da faɗa. Amma wanda ya taka ta, ranar ba zai yi barci ba. Daga nan sunan ya fito. Masana sun rubuta bayaninta a littafi a shekarar 1962, bayan sun same ta a Binuwai kusa da Garwa, ƙasar Kamaru. Masunta kuwa sun daɗe da saninta kafin nan.

Ba don ita ake fita su ba. Masunci yana neman giwan ruwa, tarwaɗa da karfasa. In ya ja taru ko ya ɗaga mamari, sai ya tarar da ita a ciki. Ya sare wutsiyar don kada ta harbe shi, ya jefa ta cikin jirgi. A bakin gaɓa a sayar da ita ɗanya, ko mata su yi banda da ita su kai kasuwa. Kuɗin ya shiga hatsi, gishiri, zaren ɗinkin taru, ko maganin yaro. Ranar da ruwa ya hana kifi, wannan ɗan kuɗin shi ne tuwon dare.

Ga inda matsalar take. Karfasa tana zuba ƙwai ɗaruruwa, tarwaɗa dubbai. Kunamar ruwa ba ta yin ƙwai a waje. Ciki take ɗauka, ta haifi ɗiya ƴan kaɗan da ransu. In taru ya kama mai ciki, an yi asarar uwa da ɗiya gaba ɗaya. Sau da yawa kifi irin nata, saboda wahala, yana zubar da ɗiyan nan take, kuma ba su rayuwa.

Ruwan ma ya sake. Farin shekarun 1973 da 1984 bai tsaya ga gero da dabbobi ba, ya taɓa koguna. A 1985 Kwara ya daina gudu a Yamai, tsofaffi ba su manta ba. An datse Kwara a Kainji a 1968, an datse Binuwai a Lagdo, sama da Garwa, a 1982. Ruwa ba ya cika ya malala fadama yadda ya saba. A Garwa, inda take da yawa a da, kunamar ruwa ta yi wuyar gani. Ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa sunanta cikin waɗanda ake tsoron su ƙare.

Abu ne mai sauƙi ma'aikaci ya zo da takarda ya ce an hana kamawa. Amma taru bai iya karatu ba. Kuma mutumin da ya kwana cikin sanyi da sauro ba zai mayar da cefanensa ruwa don wata takarda ba. Zai ɓoye ta ƙarƙashin buhu, shi ke nan.

A wata ƙasa mai nisa an gwada wata dabara. Sunanta Kambodiya, a nahiyar Asiya. Akwai babban kogi can, Mekong, da wata ƴar'uwar kunamar ruwa mai girman gaske. A watan Yuni na 2022 ƙugiyar wani masunci ta kama mace guda. Nauyinta kilo 300, kamar buhu uku na gero. Tsawonta har wutsiya kusan mita 4. Bai yanka ta ba. Ya kira masana, don dama sun yi alkawari da masuntan wurin. Suka auna ta, suka sa mata alama, suka sake ta. Shi kuma aka biya shi dalar Amurka 600, wajen jikka 370 na sefa a lokacin. Bai yi asara ba, kifin kuma ya koma ruwa da ransa.

Tamu ta Kwara da Binuwai ƙarama ce, kuɗinta ba zai kai ko kusa da haka ba. Wannan ma sauƙi ne: fansarta ba ta fi ƙarfin hukuma ba. Abin da ya rage shi ne a zauna da sarakunan ruwa, su da suka san masunta gida-gida, a tsayar da farashi, a san wanda zai biya da ranar biya.

Kafin nan, wanda ta harba kada ya tsaga wurin da wuƙa. Ya tsoma ƙafar cikin ruwa mai zafi daidai yadda fata za ta iya jurewa, na rabin awa ko fiye, don zafi yana rage raɗaɗin dafin. Sannan ya tafi likita a wanke ciwon, a duba ko guntun ƙaya ya karye a ciki.