Filin Sana'ar Hannu: Gizo na jiran mai gina shi

Da damina ta wuce, gulbin Gabi ya janye ya bar yumɓu a gaɓa, sai yara su duƙufa. Wannan ya gina sa mai tozo, wancan raƙumi, wani doki har da sirdinsa. Bayan kwana biyu san ya tsage, a yar. Ranar kasuwa kuma uba ya dawo daga Maraɗi ko Jibiya da ɗan mutum na roba mai hannuwa masu motsi, irin wanda yaro ya gani a talabijin ko cikin wayar yayansa. Shi wannan ba a yar da shi. Har kokowa ake a kansa.

Roba ba ta fi yumɓu kyau ba. Abin da ɗan robar ya fi san laka shi ne yana da suna, yana da labari, kuma kamarsa ba ta sakewa. Masu ƙera su daga silimar zane suke ɗauko su. Ɓeran nan Mickey Mouse ya fito a Amurka a 1928. Kunnuwansa biyu kamar faifai, ko inuwarsa aka gani an san shi ne. A can har manya na tara irin waɗannan ƴan tsana suna jerawa a ɗaki, na farko-farko kuwa tsada gare su.

Nijar ma ta yi gwaninta, marigayi Mustafa Alhasan, wanda aka haifa a 1942, ya rasu a 2015. Da kanikanci ya fara. A 1966 ya zana silimar Bon Voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara wata ƙasa, da fareti da dogarai da komi. A 1977 ya yi Samba le Grand da ƴan tsana da ya haɗa da hannunsa. Daga baya ya yi Kokoa, inda kwaɗi da hawainiya ke kokowa a fili ana kiɗa. Yakan tsai da ɗan tsana, ya ɗauki hoto, ya gusa hannun kaɗan, ya sake ɗauka. Hoto 24 ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya ta silima, sai a auna haƙurin mutumin. A Tawa ya zauna yana wannan aiki shekaru da yawa, amma da wuya a samu yaro a Gabi da ya taɓa riƙe kwaɗon Sim a hannu.

To, ga Gizo. Kowa ya san wayonsa da tsamin bakinsa da matarsa Ƙoƙi. Amma a tara tsofaffi biyar a tambaye su kamarsa, za a ji amsa biyar. Wata ta ce gizo-gizo ne mai ƙafa takwas, wata ta ce ɗan guntun mutum ne mai ƙaton ciki. Nan aikin yake. Mai son ginawa ya fara da takarda, ba da laka ba. Wanda ya iya riƙe alƙalami a ajin yaƙi da jahilci ya iya wannan. Ya zana Gizo ta gaba, ya zana shi ta gefe, ya zaɓar masa alama ɗaya tak da ba za ta sake ba, ko ciki, ko hula, ko ido mai leƙe. Sa'an nan ya nuna wa yara bai faɗi suna ba. In sun ce Gizo ne, an dace. In sun yi shiru, a koma takarda.

Ƙafa takwas na laka ba su kwana. Gara a yi jiki da kai da yumɓu, a huda ramuka tun da ɗanye, ƙafafu kuma a yi su da waya a naɗe da zare, don su lanƙwasu. Gindi ya fi kai nauyi, in ba haka ba Gizo zai yi ta faɗuwa. A cuɗa yumɓun da garin tsohon kasko kamar yadda mata masu ginin tukwane ke yi, a shanya a inuwa ba a rana ba, a roƙe su su sa shi cikin gashinsu. Waya sai bayan an gasa. Kada a yi amfani da waya mai tsatsa ko tsini, ƙanana na kai komi baki.

Gizo shi kaɗai ba ya ciniki. Wanda ya saye shi zai nemi Ƙoƙi, sai kura, sai zaki, don a ji daɗin tatsuniyar. Saboda haka a yanke kara ɗaya ya zama ma'auni, kowane a gina shi da tsawon da ya dace da saura, kada kura ta fito ƙasa da Ƙoƙi.

Wasu iyaye na ƙyamar mutum-mutumi a gida. Malamai da yawa sun sauƙaƙa a kan abin wasan yara, amma mai sana'a ya tambayi malamin garinsu kafin ya kai kaya kasuwa.