Jari Bola: Ƙarfen Da Muke Sayarwa A Kilo, Wasu Na Sayar Da Shi A Dala

Kai da ke karanta wannan a wayarka, ka taɓa tambayar kanka ina tsofaffin ƙarafan Haɗejiya suke tafiya? Injin ban-ruwan da ya mutu a fadama, sarƙar babur, garmar shanu da ta cinye, bututun da ambaliya ta lanƙwasa. Ɗan jari bola zai ɗora su a sikeli ya biya kuɗin kilo, dillali ya cika tirela, a nufi kamfanonin narka ƙarfe a Legas da Ogun. Daga can ƙarfen zai dawo mana a matsayin rodi, mu saya da tsada. Mu ne da wahalar tsinta, riba kuma tana wajen wanda ya sarrafa.

Ita ma tsintar yanzu tana cikin matsi. A shekarar 2023 Gwamna Zulum ya haramta sana'ar a Borno, saboda kashe masu shiga daji neman ƙarfe da kuma lalata kayan gwamnati. A farkon 2025 hukumomin Abuja sun hana 'yan bola yawo a cikin birni, suka rufe kasuwannin panteka na wani lokaci, bayan an yi ta sace murafan magudanan ruwa. Matasan Arewa ne suka fi yawa a harkar. In ƙofa ɗaya tana rufewa, sai a duba ta gaba.

Ga wata ƙofar. Dotun Popoola, wanda ya yi karatu a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, da tarkacen mota da na janareta yake haɗa manyan siffofi da walda, har ya je Amurka ya ƙara gogewa wajen John Lopez. El Anatsui, ɗan Gana da a baya ya koyar na tsawon shekaru a Nsukka, murafan kwalba yake ɗinkewa da wayar tagulla su zama kamar ƙaton zane. A 2023 aikinsa ya cika babban zauren Tate Modern a Landan. A Mozambik kuwa, bindigogin yaƙin basasa aka yanka aka yi kujera da su, tana ajiye a gidan tarihi na Birtaniya. Kaya iri ɗaya da na bolarmu, bambancin kawai hannu da tunani.

Na san abin da ke ranka: "Malam, mutum-mutumi fa?" Tambaya ce mai kyau, kuma ba a tsallake ta. Malamanmu sun yi magana a kan sassaƙa siffar abu mai rai, kuma mafi yawan ayyukan Popoola dabbobi ne da mutane. To amma wa ya ce sai an kwaikwaye shi? Fitattun ayyukan El Anatsui na murafan kwalba ba su da fuska ko ƙafa. Mu a nan muna da zangarniyar shinkafa da alkama, kwalekwalen masunta, goran kamun kifi, kakakin fada, dagin Arewa, ƙofar gari, da rubutun Larabci mai ado. Ka yi tunanin zangarniyar shinkafa mai tsayin mutum uku a shataletale, an haɗa ta da injinan ban-ruwan da suka noma shinkafar. Wa zai wuce bai ɗauki hoto ba?

Kuma abin ba baƙo ba ne. Maƙeranmu sun daɗe suna mayar da sifirin mota fartanya, gwangwanin madara ya zama a-ci-bal-bal, gwangwanin lemo ya koma tukunya. Wanda ya ja motar langa-langa yana yaro ya riga ya fara darasin farko.

Sai dai kar a yaudare ku da bidiyon TikTok na minti ɗaya. Aikin yana buƙatar koyon walda sosai, da tabarau da safar hannu, da wutar lantarki ko kuɗin man janareta. Kasuwa ma ba ta zuwa da kanta: fara da abin da mutane za su saya gobe, kamar kujera, fitila, allon shago da ƙyauren gida mai ado, kafin a kai ga otal-otal da masu saye daga waje. Abu mafi muhimmanci, a san asalin kowane ƙarfe. Duk wanda ya sayi murfin kwalbati ko wayar taransifoma, ɓarawo ya taimaka wa, komai kyan abin da ya ƙera. Ƙarfen da ba a gane ba kuma, musamman mai kama da harsashi ko gwangwanin da ke rufe, kar a sa masa wuta, a kira jami'an tsaro.

Akwai rawar da hukuma za ta taka. Ƙananan hukumomi na iya ba wa 'yan gida kwangilar ƙawata shataletale maimakon ɗauko ta daga nesa. Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗejiya na iya haɗa ɗalibanta da masu walda na cikin gari a yi gasa. Amma kar ka zauna jiran su. In kana da aboki mai walda, kai kuma ka iya zane, ko ke kin iya ɗaukar hoto da talla a Instagram, kun riga kun zama kamfani. Ku je wajen mai sikeli wannan makon, ku sayi kilo biyar, ku gwada.