Rabuwar Ma'aurata da Tallafin Hukuma a Birtaniya

Tun da aka soma tsarin tallafin da ake kira Universal Credit a Birtaniya a shekarar 2013, hukuma ta ɗauki miji da mata tamkar mutum guda, ana auna dukiyarsu a ma'auni ɗaya, galibi kuma a zuba musu kuɗin wata a asusu guda. Saboda haka ranar da zama ya ƙi daɗi aka rabu, wajibi ne su sanar, sa'an nan a sake lissafin haƙƙin kowa shi kaɗai. A cikin hukunce-hukuncen akwai na hikima, domin nafaƙar 'ya'ya da uba ke biya ba a rage tallafin uwa saboda ita. Amma mas'alar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta yaran da ke kwana nan da can, gama hukuma ba ta raba kason yaro biyu: ɗaya daga iyayen ke karɓa, ɗayan kuwa, yawanci uban, ana ɗaukarsa marar ɗa, har ma idan bai kai shekara 35 ba, alhali haya yake a gidan 'yan kasuwa, abin da za a ba shi kuɗin ɗaki guda ne a gidan da ake tarayyar madafa da makewayi da baƙi. To, ina zai shimfiɗa wa 'yarsa daren Asabar? A ganina haƙƙin yarinyar aka tauye tun kafin na mahaifinta, kuma lalle ya kamata majalisar ƙasar ta yarda a kasa kason gwargwadon kwanakin reno.